Yaran kwayarmu ihu suke yi maimakon waƙa, wasu kuma ba sa kama murya: ta ina zan fara?

Tambaya: "Salama Malam. Ni malamar makarantar Lahadi ce a wata ikilisiya a gefen Kaduna, an ɗora min kwayar yara, sun kai talatin da wani abu, daga 'yan shekara shida har zuwa sha huɗu. Gaskiya suna da ƙwazo amma da sun fara waƙa ihu ne kawai, sannan akwai kamar biyar ko shida da ba sa kama muryar waƙa ko kaɗan, tasu can ƙasa take tafiya ita kaɗai. Ga manyan samarinmu biyu da muryarsu ta fara fashewa, sauran yara sai dariya suke musu. Dattawa kuma suna so mu yi waƙa da murya huɗu ranar Kirsimeti kamar babbar kwaya, saura wata uku. Wata ta ce in cire waɗanda ba su iya ba, ko in ce su riƙa motsa baki kawai. Ni ban yi makarantar kiɗa ba, solfa, wato do re mi, kaɗan na sani. Me zan yi?"

Salama 'yar'uwa, Ubangiji ya ƙara miki ƙarfi a wannan hidima. In na fahimce ki da kyau, damuwarki ita ce ihun da yaran ke yi, da waɗanda ba sa kamawa, da samarin nan biyu, sai kuma buƙatar dattawa ta murya huɗu. Toh ni dai a shekarun da na yi ina koyar da kwayar yara da ta manya, abin da na gani shi ne ihun da rashin kamawar kusan ciwo ɗaya ne, kuma yawanci ba daga yaran yake ba, daga mu manya yake, wato inda muke ɗaukar musu waƙa da kuma abin da muke ce musu da zarar sun buɗe baki. Shawarar a cire wasu ko su riƙa motsa baki kuwa, ina roƙonki kar ki bi ta.

Ki fara da mai kibod

Jijiyoyin muryar yaro gajeru ne sirara, shi ya sa muryarsa take sama, kuma faɗin da take iya ɗauka bai kai na babba ba. In kika je kan kibod kika nemo C ta tsakiya, yaro ɗan shekara shida zuwa takwas ya fi jin daɗin waƙa daga D da ke gabanta zuwa kamar A ko B, sauti shida kenan ko ƙasa da haka. Ɗan tara zuwa sha biyu zai iya daga C ɗin har zuwa D ko E ta sama ba tare da wahala ba, in ya samu horo ma ya wuce nan. Yanzu ki tuna korus ɗin da muke yi a sujada, wa ke ɗaukar su? Wata babbar mace ce mai riƙe da makirfo, da muryar ƙirji, wato mai kaurin nan da ake magana da ita, tana farawa daga G ko A da ke ƙasan C ta tsakiya saboda nan ne ita take jin ƙarfi, mai kibod kuma ya saba da kii ɗin nan, duk wanda ya zo a ciki zai kaɗa masa. Sai a kawo yara a ce su bi.

Abin da ke faruwa a nan kashi biyu ne. Wasu yaran za su yi ƙoƙarin sauka ƙasa, ba za su kai ba, sai su tsaya a muryar magana suna gunguni a sauti ɗaya ko biyu, su ne waɗanda ake cewa ba su iya ba. Sauran kuma za su tura muryar maganar da ƙarfi har ta kai inda waƙar ta hau, jijiyar wuya a miƙe, haɓa a sama, shi ne ihun da kike ji. Dan haka kafin ki gyara yaro ko ɗaya ki zauna da mai kibod ɗinku na minti goma, ku bi kowace waƙa ku nemo sautin da ya fi ƙasa da wanda ya fi sama. In na ƙasan ya sauka ƙasa da C ta tsakiya, a ɗaga waƙar. Kusan duk kibod ɗin da ke majami'unmu, Yamaha ne ko Casio, yana da maɓallin da ake ɗaga kii ko a sauke, ko da mai kaɗawar a kii ɗaya kawai ya iya zai danna biyu ko uku ko huɗu shikenan. Waƙoƙin yara da yawa suna zama daram a D ko F. Na sha ganin kwayar da aka ce rabinta ba su da kunne, aka ɗaga musu waƙa kawai, a rana ɗaya yawancin masu gungunin suka dawo layi.

Sai maganar bakinmu. Yara na fara waƙa malami zai sa hannu a kunne ya ce "ban ji ba, da ƙarfi!", su kuwa yara abin nema ya samu, kowa ya ƙure maƙogwaro, malami ya ce yawwa. Mu muka koya musu cewa mai ihu shi ne mai ƙwazo. Kuma yaron da ke ihu ba ya jin kansa balle ya ji na kusa da shi, waƙar taro kuwa da kunne ake yinta kafin baki. Ki cire kalmar nan "da ƙarfi" daga bakinki gaba ɗaya na wata ɗaya. In ba ki ji su ba ki ce su buɗe baki, su fito da kalmomi, ko ki koma can bayan majami'a ki ce kina so ki gane kowace kalma daga nan. Abin da nake yawan gaya wa nawa shi ne, in ba ka jin muryar wanda ke gefenka to taka ta yi yawa. Sannan lokacin koyo a kashe lasifika, a ajiye makirfo, mai jita da mai ganguna su huta, kibod ɗin ma a rage shi sosai ya ba da sautin farawa kawai. Yaro ba zai iya gasa da lasifika ba amma zai gwada, kuma maƙogwaronsa ne zai biya.

Akwai murya ta biyu da kowane yaro yake da ita, mu muna ce mata muryar kai, siririya ce mai haske, ita ce muryar waƙar yara ta ainihi, kuma da yawa ba su taɓa sanin suna da ita ba saboda ba wanda ya nuna musu. Hanyar nemo ta ba wuya. Ki sa su kwaikwayi jiniyar motar asibiti da "uuu", daga sama can su gangaro ƙasa su sake hawa, ko kukan mujiya, ko kiran wani da ke nesa a hankali ba da tsawa ba. 'Yan mata da suka taɓa gwada guɗa a biki ma sun riga sun san wurin, sai dai a cire kaifin a bar tsayin. Abin lura shi ne kullum a fara daga sama a sauko, dan in aka fara daga ƙasa muryar ƙirji suke jawowa su hau da ita. Da sun same ta sai ki ɗauki layi ɗaya na waƙar da suka sani su yi shi da "lu lu lu" a wannan siririyar muryar, bayan nan a mayar da kalmomi. Makonnin farko za ki ji kamar kwayar ta yi sanyi, wani dattijo ma zai iya cewa kin kashe wa yara wuta. Ki yi haƙuri ki ci gaba, muryar kai tana ƙara ƙarfi da kanta in ana amfani da ita, kuma yara talatin da ke kan sauti ɗaya sun fi cika ɗaki a kan talatin masu ihu kowa da nasa.

Numfashi ba sai kin yi dogon bayani ba. Su tsaya ƙafa a ɗan buɗe, kafaɗa a sake, hannu a gefen ciki, su ja iska ba tare da kafaɗa ta ɗaga ba, su sake ta da "sss" kina ƙirgawa zuwa takwas, wani mako zuwa sha biyu. Minti biyu ya isa. Ƙananan ki bar su su numfasa a inda jimla ta ba da dama, huhunsu ƙarami ne.

Yara biyar ko shidan nan

Akwai mutanen da aka haifa ƙwaƙwalwarsu ba ta bambance sautin sama da na ƙasa yadda ya kamata, wannan gaskiya ne, amma kaɗan ne ƙwarai, binciken da aka yi a Turai da Kanada yana sa su tsakanin kashi 1.5 zuwa 4 cikin ɗari. A cikin yara talatin kenan da ƙyar ki samu ɗaya, sau da yawa ma babu. Toh sauran fa? Wani bai gano bambancin muryar magana da ta waƙa ba tukuna, wanda hakan ba komai ba ne ga ɗan shekara shida ko bakwai. Wani a gidansu ba a waƙa, kunnensa bai samu aiki ba. Wani kunya ce, wani hankalinsa na waje, wani kuma an taɓa yi masa dariya ya rufe. Akwai kuma wanda ba ya ji sosai, wannan kar ki yi wasa da shi, yaron da kunnensa ke yawan fitar da ruwa, ko sai an kira shi sau uku yake juyowa, ko yana karkato gefe ɗaya in ana magana, ki gaya wa iyayensa a kai shi asibiti a duba, wataƙila a aji ma abin na damunsa ba wanda ya lura.

Yadda nake yi da su shi ne, ina sa su zo minti biyar ko goma kafin sauran, bibbiyu ko uku uku, ba tare da an yi shela cewa ga marasa iyawa ba, kuma ƙofa a buɗe da wani babba a wurin. Ba na ba yaro sauti in ce ya kama. Sai in ce ya yi "aaa" a duk inda ya ga dama, ni in nemo sautinsa in shiga, mu riƙe tare, in tambaye shi ka ji mun zama ɗaya? Yaro da yawa a nan ne karon farko da yake jin yadda haɗuwar murya take a jikinsa, za ki ga idonsa ya buɗe. Daga nan sai in hau mataki ɗaya in ce biyo ni, mu dawo, mu sake hawa, in haɗa da jiniyar nan. Ke kina da sa'a ma da kike mace, muryarki a wuri ɗaya take da tasu. Mu maza muryarmu na ƙasa da tasu da zango guda, wato daga do zuwa do ta ƙasa, ƙananan yara kuma sai su rikice suna neman sauka inda muke, shi ya sa namiji mai koyar da yara dole ya siranta murya ko ya sa yaro mai kunne ya riƙa yin misali. Yara sun fi saurin kama muryar ɗan'uwansu yaro a kan ta babba, sun kuma fi kama muryar mutum a kan kibod.

A wurin tsayuwa kar ki tara su a layin baya ko a gefe, nan ne aka saba jefa su kuma nan ne ya fi muni, dan ba abin da suke ji sai junansu. Ki raba su, kowanne a gaba ko a tsakiya, da masu kamawa sosai a bayansa da gefensa yadda waƙar daidai za ta riƙa zubo masa a kunne. Wani a mako uku zai dawo layi, wani sai ya shekara, ba a yi wa abin nan alƙawarin rana.

Maganar motsa baki kuwa, ki je babbar kwaya ko zumuntar mata ki tambaya, za ki samu manya masu furfura da za su ce miki su ba su iya waƙa ba, in kika bi diddigi wani malami ne ya gaya musu haka suna firamare, suka yi shiru tun daga ranar. Yaron da aka hana fitar da murya ba shi da hanyar da zai gyara ta, sannan kin koya masa ya tsaya a gaban ikilisiya yana yin kamar yana yabon Allah alhali ba ya yi. Ni wannan ya fi damuna a kan sauti ɗaya da ya kauce ranar Kirsimeti.

Solfa ɗin da kika sani ya isa

Kar ki raina kanki a kan makarantar kiɗa. Do re mi ɗin da ke kwayoyinmu tsari ne da wani fasto a Ingila, John Curwen, ya yaɗa tun wajen 1840 zuwa gaba, ya gina shi a kan aikin wata malama Sarah Glover ta garin Norwich, kuma dama dan yaran makarantar Lahadi da talakawan da ba su karanta kiɗa ba aka yi shi, 'yan mishan suka zo mana da shi. Matsalar ita ce yadda muke amfani da shi yanzu. A cika allo da d r m f s, malami ya rera yara su maimaita har su haddace, a ce sun iya solfa, alhali wasu kalmomin waƙa kawai suka ƙara haddacewa. In ka rubuta musu sabon layi ba za su iya fitar da shi ba. Amfanin solfa shi ne yaro ya ji tazarar da ke tsakanin so da mi a cikin kansa tun kafin ya buɗe baki.

A ƙasar Hungary, Zoltan Kodaly da almajiransa sun ɗauki alamun hannu na Curwen, wato kowane sauti da alamar da ake nuna shi da ita, suka haɗa da waƙoƙin gargajiyar yaransu, suka tsara koyarwa daga sauti kaɗan zuwa da yawa, kuma wannan tsarin ya dace da mu sosai. Ki fara da so da mi kawai, hannu a sama hannu a ƙasa, ki riƙa kiran sunayensu da sautin biyun nan suna amsawa ɗaya bayan ɗaya, wasa ne a wurinsu amma ke kina jin kowa shi kaɗai ba tare da ya tsorata ba. Bayan mako biyu ki ƙara la, sannan do da re. Fa da ti ki bar su sai can gaba, su ne masu rabin mataki kuma su ne yara suka fi kaucewa a kai. Waƙoƙinmu na gida da yawa dama a kan sauti biyar ɗin nan suke tafiya, kenan kunnen yaran ya riga ya saba. Ɓangaren kiɗa da bugu kuwa ba mu da matsala, yarinyar da ta iya gaɗa da tafi a tsakar gida ta riga ta san abin da ake wahalar koya wa yara a wasu ƙasashe, ki yi amfani da shi, ki tafa su mayar miki, ki raba su biyu kowane ɓangare da nasa tafin. Minti biyar zuwa bakwai a kowane zama, kar ya wuce haka.

Murya huɗu kafin Kirsimeti

A gaskiya ba zai yiwu ba, kuma ko da shekara aka ba ki ba abin nema ba ne. Teno da bas muryoyin maza ne da suka balaga, yaro ɗan shekara goma ba shi da su a jikinsa, in aka sa shi dole sai ya danne maƙogwaro yana ƙoƙarin yin muryar babansa. Kwayar yara murya ɗaya ce, sannan biyu, in sun ƙware uku, dukkansu a sama. Kuma murya ɗaya mai tsabta ita ce ta fi wuya, ba ta da wurin ɓuya.

Hanyar zuwa murya biyu ma tana da tsari. Abin da aka saba shi ne a ɗauko alto na babbar kwaya a ba yara, wanda ke bin sofirano a ƙasa kaɗan kalma da kalma, hawa tare sauka tare, kuma wannan shi ne mafi wuya ga yaro dan muryoyin sun yi kama da juna, kafin a kai layi na biyu duk sun koma sofirano. Ki fara da abin da yake namu, bayarwa da amshi, rabi su bayar rabi su amsa, sannan ki sa masu amshi su shigo tun masu bayarwa ba su gama ba, kin ga an samu murya biyu ba wanda ya sani. Daga nan ɓangare ɗaya su riƙe gajeren layi suna maimaitawa, kamar "Haleluya" a kan do da so, sauran suna waƙar a kai. Sai waƙar bi-da-bi, wadda rukuni na biyu ke farawa bayan na farko ya yi gaba. Alto na gaske shi ne na ƙarshe. Kuma kar ki buga wa yarinya hatimin alto dan kawai tana da kunne ko tana da ƙarfin murya, ki riƙa juya su, wanda ya yi ƙasa a wannan waƙar ya yi sama a waccan, in ba haka ba za ta girma ba ta taɓa amfani da rabin muryarta ba.

Abin da zan ce ki kai wa dattawa shi ne waƙa biyu. Ɗaya murya ɗaya, a haddace, a natse. Ta biyu mai amshi ko mai ɗan layin sama a baitin ƙarshe da yara shida ko takwas za su ɗauka. In sun nace sai sun ji murya huɗu, ki roƙi maza kaɗan daga babbar kwaya su tsaya a baya su riƙe teno da bas a hankali, yara su riƙe nasu, haka ma ake yi a manyan majami'un Ingila, yara a sama manya a ƙasa. In kuma wani ya nuna miki bidiyon shahararriyar kwayar yaran Biyana ta ƙasar Austria ko ta Drakensberg a YouTube ya ce haka yake so, ki gaya masa na Biyana ana lissafin tarihinsu tun 1498, na Drakensberg a Afirka ta Kudu makarantar kwana ce da aka buɗe a 1967, tantance yaran ake yi kafin a ɗauka kuma kusan kullum suna koyo. Ke sau ɗaya ko biyu kike ganin naki a mako kuma duk wanda ya zo naki ne.

Wani abu da ake mantawa shi ne kalmomi. A Kaduna da Jos yara da yawa a majami'a Hausa ba ita ce harshen gidansu ba, wani Bajju ne, wani Atyap, wani Gbagyi, wani ma Turanci ya fi ji, sai su haddace sauti ba su san me suke faɗa ba. Ga shi kuma waƙoƙin da aka fassaro, muryar ta Turawa ce, wani wurin sai ta ja gaɓar da Bahaushe ba ya ja ko ta hau inda magana ke sauka. Kafin ki koyar da muryar waƙa ku karanta baitin tare kamar magana, ki tambaye su me ake nufi, ki nuna inda za a numfasa dan kar a yanka kalma biyu.

Samarin nan biyu

Abin da ke faruwa da su lafiya ce, ki fara gaya musu haka a gaban kowa, ki kuma kashe dariyar nan tun yanzu dan ita ce ke korar samari daga kwaya ba su sake dawowa ba, shi ya sa kullum babbar kwaya ke kukan rashin maza. Tsakanin shekara sha biyu zuwa sha biyar maƙogwaron namiji yana girma, jijiyoyin murya su ƙara tsawo da kauri, muryar ta sauka kusan zango guda, kuma ba a dare ɗaya take sauka ba, tana iya ɗaukar shekara ɗaya zuwa biyu ko fiye. A da a Ingila ajiye yaro ake yi har sai ta zauna. Daga baya masu bincike irin su John Cooksey a Amurka suka bi samari suna auna muryarsu mataki mataki, suka nuna cewa yaro zai iya ci gaba da waƙa muddin a inda muryarsa take a lokacin ake ba shi, kuma ni ma abin da na gani kenan. Akwai lokacin da sautin da yake iya riƙewa da kyau ba su wuce biyar ko shida ba. Duk wata ki kira su gefe ki sa su ƙirga ɗaya zuwa ashirin da muryar magana, ki nemo sautin a kibod, waƙarsu mai daɗi tana farawa daga kusa da nan ta hau kaɗan. Layin maimaitawar nan na do da so ya dace da su, ko su bi waƙar a zangon ƙasa in ta shiga, inda ba ta shiga ba su yi shiru su jira, wannan da izini ne kuma na ɗan lokaci. Kina iya ba su ganga ko caki su ƙara da shi, amma kar ya zama an sallame su daga waƙa da dabara. In akwai namiji mai hankali a teno ko bas ki haɗa su da shi, su riƙa ganin inda suka dosa.

'Yan mata ma suna canzawa wajen sha ɗaya zuwa sha huɗu, nasu bai fito fili ba ne kawai. Muryar sai ta yi iska iska, saman ya yi nauyi, yarinyar da ke jan waƙa bara ta fara ɓuya a baya. Kar a ce mata ta yi lalaci, kar kuma a tura ta da ƙarfi, zai wuce.

Hunturu da tsawon zama

Kirsimeti a wurinmu a tsakiyar hunturu yake faɗowa, lokacin da aka fi matsa wa yara da koyo shi ne lokacin da iska ta fi bushewa, ƙura ta fi yawa, rabinsu na mura. Kowa ya zo da gorar ruwa. In za a share majami'a a yayyafa ruwa kuma a gama tun kafin su iso. Alewar nan mai yaji da ake ba mawaƙa tana sa a ji sanyi a wuya ne kawai, ba ta gyara murya, ruwa da barci ne ke yi. Yaron da muryarsa ta dishe ya zauna ya saurara ranar, kar ya yi waƙa kar kuma ya yi raɗa, dan raɗa ma tana gajiyar da maƙogwaro. Zama kar ya wuce minti arba'in da biyar zuwa awa ɗaya, ƙananan ma ki sallame su bayan rabin awa ki ci gaba da manya, dan ɗan shekara shida da ɗan sha huɗu ba abu ɗaya suke buƙata ba. A tashi da sauran rana. Bulala kuma ba ta da wuri a nan ko kaɗan, yaron da ke tsoro wuyansa ƙullewa yake yi, numfashinsa ya gajarce, sautin da kike nema ba zai fito ba.

Ni ban ji yaranki da kunnena ba, dan haka abin da na faɗa a kan biyar ko shidan nan sai kin gwada su ɗaya bayan ɗaya za ki san wanne ne na wanne. Kuma ni malamin waƙa ne ba likita ba, duk yaron da muryarsa ta dishe ta wuce mako biyu zuwa uku ba mura, ko kullum a dishe take, a kai shi wurin likitan kunne da hanci da maƙogwaro, dan yawan ihu yana sa wani ɗan ƙulli ya fito a jijiyoyin murya kuma sai an leƙa ake gani. A zamanku na wannan makon ki ɗauki muryarsu a waya a waƙa ɗaya yadda suka saba yi, sannan a ɗaga kii ɗin, a kashe lasifika, su sake yi ki sake ɗauka, ki saurari biyun a gida kafin ki je wurin dattawa da maganar waƙa biyun.